Jagorar Warware Tambayoyin Lissafi: Lambobi, Siffofi da Ƙididdiga

Ɗalibi da yawa ya haddace ƙa'idoji tsaf, amma da an ajiye masa tambaya sai ya yi tsuru, ya rasa ta inda zai kama. Abin da ke tsaida shi yawanci shi ne matakin farko. Kowane reshe na lissafi yana da abin da ake fara yi masa kafin a taɓa wata ƙa'ida. A lissafin lambobi ana fara farfasa lamba ko a duba saura. A lissafin siffofi ana fara zane. A ƙididdiga ana fara jera bayanai a nemo jimla. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya rage wa kansa rabin wahala.

Kafin ka shiga kowanne, ka saba da wani tsari da masanin lissafi George Polya ya shimfiɗa a 1945: fahimci tambaya, tsara hanya, bi hanyar, sannan ka waiwaya ka duba amsa. A aikace, ka karanta tambaya sau biyu. Ka rubuta abin da aka ba ka a gefe guda, abin da ake nema a ɗaya gefen, da ma'auninsa: santimita ne, daƙiƙa ce, ko digiri. Idan ba za ka iya faɗin abin da ake nema da bakinka ba tare da ka kalli takarda ba, to da sauran karatu, kada ka fara lissafi tukuna.

LISSAFIN LAMBOBI

Mataki na farko: farfasa lambar

Akwai lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka har ba iyaka. A aji ana ce musu firam. Lamba 1 ba ta cikinsu, kuma 2 ce kaɗai cika a cikinsu, sauran duk mara ne. Duk wata cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai firam ce, ko kuma an same ta ne ta hanyar ninka firam da firam, kuma hanya ɗaya tak ake farfasa ta. Wannan shi ne ginshiƙin reshen gaba ɗaya.

Ɗauki 360. Raba da 2 ka samu 180, sake rabawa 90, sake rabawa 45. Nan 2 ta ƙare. Koma kan 3: 15, sannan 5. Ke nan 360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5, wato 2³ × 3² × 5. Haka 84 = 2² × 3 × 7.

Don aikin ya yi sauri, ka san alamomin rabuwa. Lamba tana rabuwa da 4 idan alƙalumanta biyu na ƙarshe suna rabuwa da 4. Tana rabuwa da 3 ko 9 idan jimlar alƙalumanta tana rabuwa da 3 ko 9. Misali 4,572: 4 + 5 + 7 + 2 = 18, don haka 9 tana raba ta, ta ba da 508. Dalilin ya cancanci a san shi. Goma ita ce 9 da 1, ɗari ita ce 99 da 1, dubu ita ce 999 da 1. To 4,000 ita ce 4 × 999 da ragowar 4, 500 ita ce 5 × 99 da ragowar 5, haka nan sauran. Duk ɓangarorin masu tara-tara suna rabuwa da 9, abin da ya rage a bincika shi ne alƙaluman kansu. Wanda ya gane wannan ba zai sake tambayar ko dabarar tana aiki da 7 ba, domin ya ga daga inda ta fito.

Idan aka tambaye ka ko wata lamba firam ce, ba sai ka gwada kowace lamba ba. Ga 221: 15 × 15 = 225, ta riga ta wuce, don haka firam ɗin da ke ƙasa da 15 kawai za ka gwada. 2, 3, 5, 7 da 11 ba su raba ta, amma 13 × 17 = 221. Ba firam ba ce. Ka yi hattara da 51, 57 da 91, suna kama da firam a ido amma 3 × 17 ne, 3 × 19 ne, da 7 × 13.

Mataki na biyu: gane wanne ake nema, HCF ko LCM

HCF ita ce babbar lambar da ke raba lambobin duka. LCM ita ce ƙaramar lambar da dukkansu ke rabawa. Da ka farfasa, samun su ba wuya. Ga HCF na 360 da 84, ɗauki firam ɗin da suka yi tarayya a kai kaɗai, kowace da ƙaramin adadinta: 2² × 3 = 12. Ga LCM, ɗauki duk firam ɗin da ta bayyana, kowace da babban adadinta: 2³ × 3² × 5 × 7 = 2,520. Akwai hanyar dubawa mai kyau idan lambobi biyu ne: HCF sau LCM dole ya yi daidai da lambobin biyu in an ninka su. 12 × 2,520 = 30,240, kuma 360 × 84 = 30,240. Ga lambobi uku wannan ba ya aiki, kada ka dogara da shi.

Inda ake faɗuwa shi ne tambayar da aka rubuta da zance, wadda ba ta ambaci HCF ko LCM ba. Ka tambayi kanka: ana yanyanka abu ne zuwa kashi daidai, ko ana jiran abubuwa masu maimaituwa su haɗu? Idan aka ce wani daɓe mai tsawon santimita 360 da faɗin santimita 84 za a rufe shi da tayil murabba'i mafi girma ba tare da an yanka ko ɗaya ba, yanyankawa ce, amsar ba za ta wuce 84 ba, HCF ce: 12. Adadin tayil kuwa 30 × 7 = 210. Idan aka ce fitilu uku suna walƙawa duk bayan daƙiƙa 12, 18 da 30, kuma sun walƙa tare yanzu, yaushe za su sake haɗuwa, jira ne, amsar ba za ta gaza 30 ba, LCM ce: daƙiƙa 180, wato minti 3.

Wani lokaci lambobin sun ƙi farfasuwa cikin sauƙi, kamar 1,517 da 1,147. Nan sai a koma ga hanyar da masanin lissafi Yuklid ya rubuta a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Raba babbar da ƙaramar, ka riƙe saura. Sannan ka raba ƙaramar da sauran. Ka ci gaba har saura ta zama sifiri.

1,517 = 1 × 1,147, saura 370
1,147 = 3 × 370, saura 37
370 = 10 × 37, saura 0

Saura ta ƙarshe kafin sifiri ita ce amsa: 37. Layi uku kacal. Da farfasawa ka bi, da sai ka gwada firam goma a banza kafin ka isa 31, wadda ke raba 1,147. A ganina wannan hanya ta cancanci a koya wa kowane ɗalibi tun da wuri, domin tana aiki a kan kowace irin lamba komai girmanta.

Mataki na uku: bi sawun saura

Wasu tambayoyin suna da ban tsoro a ido, alhali saura kawai suke nema. Yau Talata, wace rana ce bayan kwana 100? Mako kwana 7 ne, 100 = 14 × 7, saura 2. Makonni 14 sun dawo da kai Talata, ƙara kwana 2: Alhamis.

Mene ne alƙalami na ƙarshe na 7⁸³? Ba wanda ke son ka ninka 7 har sau 83. Fara da ƙanana ka kalli ƙarshensu kawai: 7¹ ta ƙare da 7, 7² = 49 ta ƙare da 9, 7³ = 343 ta ƙare da 3, 7⁴ = 2,401 ta ƙare da 1. Daga nan zagayen ya koma farko: 7, 9, 3, 1. Tsawon zagaye 4 ne, kuma 83 = 20 × 4, saura 3. Na uku a jerin shi ne 3, amsa ke nan. Idan saura ta zo sifiri, kamar a 7⁸⁰, na ƙarshe a jerin za ka ɗauka, wato 1. Wannan ɗabi'a ta gwada ƙananan lambobi har tsari ya fito tana buɗe tambayoyi masu yawa a wannan reshe, kuma ba abin kunya ba ne, manyan masana ma haka suke farawa.

LISSAFIN SIFFOFI

Mataki na farko: zana, ko da an riga an zana maka

Yi zane babba da fensir da rula. Sa wa kowace kusurwa harafi. Duk tsawon da aka ba ka, rubuta shi a jikin layinsa. Gefunan da suka yi daidai, yi musu 'yar alama iri ɗaya. Abin da ake nema, sa masa x. Kuma kada ka yarda da idonka: idan tambaya ba ta ce kusurwa digiri 90 ce ba, kuma ba ka tabbatar da hujja ba, to ba ka da ikon ɗaukarta haka don kawai ta yi kama.

Mataki na biyu: cike kusurwoyin da za ka iya

Kusurwoyin alwatika jimlarsu 180. Na kan miƙaƙƙen layi 180. Na kewayen ɗigo ɗaya 360. Siffa mai gefe n tana da jimlar (n − 2) × 180, domin daga kusurwa ɗaya za ka iya yanka ta zuwa alwatika n − 2. Mai gefe shida ke nan tana da 4 × 180 = 720. Kowace kusurwar da ka samo, rubuta dalilinta a gefe. Masu duba jarrabawa suna ba da maki a kan dalili, kuma kai ma zai nuna maka inda ka kauce in amsa ta ƙi fita.

Ga wata gajeriyar hanya. An ce siffa mai gefuna daidai da kusurwoyi daidai tana da kusurwar ciki ta digiri 156, gefe nawa gare ta? Koma waje. Kusurwar waje ita ce 180 − 156 = 24, kuma kusurwoyin waje kullum jimlarsu 360. To 360 ÷ 24 = 15. Gefe 15.

Mataki na uku: nemo alwatikar da ke ɓoye

Nan ne ainihin gwanintar take, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Galibin tambayoyin tsawo suna komawa ne ga alwatika mai kusurwar digiri 90, inda ƙa'idar Pythagoras ke aiki: a² + b² = c², c kuwa shi ne gefen da ke fuskantar kusurwar 90, kuma shi ne mafi tsawo. Tsani mai tsawon mita 6.5 an jingina shi da bango, gindinsa na nesa da bangon da mita 2.5. Ina ya kai a bangon? Tsanin ne c, don haka ɗebewa za ka yi: 42.25 − 6.25 = 36, amsa mita 6. Wanda ya tara maimakon ya ɗebe zai sami kusan mita 7, tsayin da ya fi tsanin kansa, kuma hankali kaɗai ya isa ya ƙi wannan amsa. Yana da amfani ka riƙe 3-4-5, 5-12-13 da 8-15-17 a ka, wato gefunan alwatikar da suka cika wannan ƙa'ida. Wannan tsanin ma rabin 5-12-13 ne.

Sau da yawa alwatikar ba ta cikin zanen, kai za ka ƙirƙiro ta da layi ɗaya. An ba ka alwatika mai gefuna 13, 13 da 10, ana neman girman filinta. Ba a ba ka tsayi ba. Ja layi daga ƙololuwa ya sauko tsaye a kan gindi. Tun da gefuna biyu daidai suke, layin zai raba gindin gida biyu, 5 da 5. Yanzu kana da alwatika mai 5 da 13, tsayi ya fito 12. Girman fili shi ne rabin gindi sau tsayi: ½ × 10 × 12 = 60. Wanda ya yi amfani da 13 a matsayin tsayi ya ɗauki gefe mai karkata, alhali tsayi dole ya sauka a kan gindi da digiri 90.

A da'ira, layin da ya fi yawan taimako shi ne wanda ya taso daga cibiya. Da'ira ce, daga cibiyarta zuwa baki santimita 10, an ja layi mai tsawon 16 daga baki zuwa baki ba ta cibiya ba. Nawa ne nisansa da cibiya? Ja layi daga cibiya zuwa ƙarshen layin, 10 ke nan. Ja wani daga cibiya ya sauka tsaye a kan layin, zai raba shi 8 da 8. To 100 − 64 = 36, nisa santimita 6. Ka kuma tuna cewa idan gefe ɗaya na alwatika ya ratsa da'ira ta cibiya daga baki zuwa baki, kuma ƙololuwarta na kan bakin da'irar, kusurwar ƙololuwar digiri 90 ce.

Sai alwatika masu kama da juna, waɗanda kusurwoyinsu ɗaya ne amma girmansu ya bambanta. Sanda mai mita 1.5 tana da inuwar mita 2, a daidai wannan lokaci wani turke yana da inuwar mita 12. Inuwar ta ninku sau 6, tsayi ma haka: mita 9. Abin lura shi ne girman fili ba ya bin wannan ninki kai tsaye. Idan gefuna suna 2 bisa 3, filaye suna 4 bisa 9. Ƙaramar mai fili 20, babbar tana da 45. Da yawa sukan rubuta 30.

Tambayoyin wurin da aka yi wa duhu kusan duk ɗebewa ce. Murabba'i mai gefe 14, da da'ira a ciki tana taɓa gefuna huɗu. Murabba'in 196. Daga cibiyar da'irar zuwa baki 7, filinta π × 7 × 7 (π shi ne abin da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta), wato 22/7 × 49 = 154. Abin da ya rage 42, kowane lungu 10.5. Ka yi amfani da ƙimar π da tambaya ta ba ka, domin 22/7 da 3.14 duk kusantawa ne. Kuma ka daidaita ma'auni tun kafin ka fara: mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne.

ƘIDIDDIGA

Fara da jerawa daga ƙarami zuwa babba, ka ƙirga ka tabbata ba ka yar da ko ɗaya ba. Ga mintunan da ɗalibai takwas suka ɗauka kan wata tambaya: 7, 3, 24, 5, 8, 4, 7, 6. A jere: 3, 4, 5, 6, 7, 7, 8, 24. Jimla 64, matsakaici 64 ÷ 8 = 8. Na tsakiya: tun da adadin cika ne, ɗauki na huɗu da na biyar, 6 da 7, ka raba tsakani, 6.5. Wanda ya fi fitowa 7. Tazara daga ƙarami zuwa babba 21.

Dubi abin da 24 ta yi. Ta ja matsakaici zuwa 8, alhali shida daga cikin takwas ba su kai minti 8 ba. Idan aka tambaye ka wanne ya fi wakiltar bayanan, na tsakiya ne, kuma dalilin da za ka rubuta shi ne lamba ɗaya da ta yi fintinkau ba ta motsa shi sosai.

Dabarar da ta fi kowace amfani a wannan reshe ita ce komawa ga jimla. Duk inda ka ga matsakaici, ninka shi da adadi nan take. Matsakaicin lambobi 5 shi ne 12, an ƙara ta shida sai ya koma 14, wace lamba aka ƙara? Jimlar farko 60, sabuwa 6 × 14 = 84, bambanci 24. Wani kuma: aji mai ɗalibai 30 yana da matsakaicin maki 60, wani mai ɗalibai 10 yana da 80. Hannu zai yi saurin rubuta 70. Koma jimla: 1,800 da 800 sun ba da 2,600, a raba wa 40, amsa 65. Ta fi kusa da 60 domin ajin farko ya ninka na biyu sau uku a yawa, kuma tun kafin ka yi lissafi ya kamata ka sa ran haka.

A jadawali ma jimlar ce. Maki 1, 2, 3, 4, 5, waɗanda suka samu kuma 2, 5, 8, 4, 1 bi da bi. Ɗalibai 20 ne. Ninka kowane maki da yawan masu shi: 2 + 10 + 24 + 16 + 5 = 57. Matsakaici 57 ÷ 20 = 2.85. Da 20 ake rabawa, adadin mutane, ko da yake layukan jadawalin 5 ne. Na tsakiya yana tsakanin na 10 da na 11. Tara yawan a hankali: 2, sannan 7, sannan 15. Na 10 da na 11 duk suna rukunin maki 3. Makin da ya fi fitowa shi ma 3 ne. 8 yawan masu shi ne kawai, kada ka rubuta ta a matsayin amsa. Idan an haɗa bayanai rukuni-rukuni, kamar 10 zuwa 20, tsakiyar rukunin za ka ɗauka, 15, kuma abin da ka samu kimantawa ne. Idan da'irar kaso za ka zana, kowane rukuni yana samun rabonsa daga 360: masu maki 3 suna da 8/20 × 360 = digiri 144, kuma in ka gama duk kusurwoyin su tashi 360 cif.

Saura awon warwatsuwa. Jeri biyu na iya samun matsakaici ɗaya amma halinsu daban: 5, 6, 6, 6, 7 da kuma 2, 4, 6, 8, 10, duka 6. Ga na biyun, ɗebe 6 daga kowace: −4, −2, 0, 2, 4. Tsaya nan ka tara su. Dole su ba da sifiri, in ba haka ba matsakaicinka ne ba daidai ba. Ninka kowace da kanta: 16, 4, 0, 4, 16, jimla 40. Raba da 5 ka samu 8, sannan ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 8, wato √8, kusan 2.83. Na farkon ya ba da kusan 0.63, alamar lambobinsa a dunƙule suke.

DUBA AMSA DA YIN ATISAYE

Kowane reshe yana da nasa gwajin gaggawa. HCF ba ta wuce ƙaramar lambar da aka ba ka, LCM ba ta gaza babbar. Saura kullum tana ƙasa da abin da aka raba da shi. A alwatika, gefuna biyu in an tara dole su fi na uku, kuma gefe mafi tsawo yana fuskantar kusurwa mafi girma. Matsakaici dole ya faɗa tsakanin ƙaramar lamba da babba. Bayan wannan, mayar da amsar cikin tambayar: 60 da 24 sun ba da 84, a raba shida, 14, ta zauna.

Wajen atisaye, karanta misalin da aka warware sau ɗaya, rufe littafin, ka sake yin sa daga farko. Sannan ka canza lambobin da kanka: mai da tsanin mita 10 da gindi mita 6, mai da 7⁸³ ta zama 3⁵⁰. Idan tambaya ta ƙi, ba ta minti goma na gwaji na gaske kafin ka leƙa amsa, kuma in ka leƙa, layi ɗaya kawai za ka karanta ka sake rufewa. Ka ware shafi a bayan littafinka inda za ka riƙa rubuta kowane kuskure da irinsa: rashin karanta tambaya da kyau ne, zaɓen hanyar da ba ita ba ne, ko tuntuɓe a ninkawa. Bayan mako biyu ka koma kan tambayoyin da ke wannan shafi ka sake yin su ba tare da ka kalli gyaran ba.